Takalmin zomo, furen da ba a ba shi ruwa da rani

Ina da ɗan lambun renon shuke-shuke a wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina. Abin da ke ci da mu shi ne dashen mangwaro da gwaiba da lemo da bedi. Furanni kuwa sai masu sha'awa, yawanci matan GRA da masu sabon gini, kuma na waje suke tambaya.

Ni dai takalmin zomo nake tallata musu. Ɗan ƙasa ne, kuma kowa ya taɓa ganinsa ko da bai sani ba: shi ne furen da ke ƙarƙashin dawakan nan biyu a tambarin Najeriya na 1960. A tambarin ja aka yi shi, amma na gaske ruwan ɗorawa ne. Ganye huɗu yake fitarwa, masu faɗi da kauri, su kwanta a ƙasa, furen ya ɓullo a tsakiya. Kowane fure ba ya daɗewa, sai dai yana faɗuwa wani na buɗewa.

Daga kudancin jiha nake samo saiwar, inda ruwa ya fi sauka. Jigawar nan tamu ba ta riƙe laima, don haka nakan haɗa ƙasa da ruɓaɓɓen takin shanu da busasshen ganye, in binne saiwar a kwance, kada ta yi zurfi, a kasko mai huji. Inuwar bishiya yake so. Ranar azahar ta Katsina ƙona ganyen take yi.

Wahalar cinikin tana zuwa ne bayan damina. Wajen Oktoba ganyen zai bushe ƙurmus, kasko ya koma kamar ba a taɓa shuka komai a ciki ba. Nan ne wata za ta aiko yaro: "Malam, Hajiya ta ce furenka ya mutu." Bai mutu ba, barci yake. Mai tausayi da ya dinga yi masa ban ruwa cikin hunturu shi ke ruɓar da saiwar. A ajiye kaskon inda gara da awaki ba za su kai ba, a manta da shi har ruwan farko.

Shi ya sa ba na sayar da shi sai a Yuni ko Yuli, yana cikin ganye, kuma sai na yi wannan bayani kafin in karɓi kuɗi. Mai son kore shekara duka, ɗoɗɗoya nake miƙa masa, ga ƙamshi ga ganyen miya.