Hatimin da ke hannuna ranar zaɓen gwamnan Kano

Ina bautar ƙasa a Kano lokacin da aka ɗauke mu aikin zaɓen 2023, ni aka ba shugabancin wata rumfa a cikin gari. A wajen horo an nanata mana abu guda har ya gundure mu: kowace takardar ƙuri'a sai ka juya bayanta, ka buga hatimi, ka sa hannu, ka rubuta kwanan wata, sannan ka miƙa wa mai zaɓe. Na ji, na rubuta a littafina, amma a raina na ɗauke shi ƙaramin abu. Hankalina yana kan BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, wadda saboda sake saita ta ma aka ɗage zaɓen gwamnoni daga 11 ga Maris zuwa 18 ga wata.

Ranar Asabar ɗin tun kafin mu gama kafa tebur layi ya kai bakin masallacin unguwa. Lokacin ana tsakiyar wahalar takardun kuɗi, mutane a gajiye suke, amma sun fito. Wajen azahar rana ta take, layin mata ya rikice, wakilan jam'iyyu suna ta magana a kaina, tawadar hatimin kuma ta fara bushewa, sai na danna da ƙarfi kafin ya fito. Wata tsohuwa ta iso gabana tana dogara sanda. Na yage mata takarda, na buga hatimi, na miƙa. Ta riƙe takardar ba ta tafi ba.

"Ɗana, na ga ka yi wa ta gabana rubutu a baya, ni ba ka yi mini ba."

"Yi haƙuri Iya, kawo."

Na sa hannu, ta karɓa ta shiga ta dangwala. Gabana ya faɗi, domin in na tsallake tata, wa ya san na wa na tsallake kafin ita? Da muka zazzage akwati da yamma, muka juya takardun ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, muka sami guda huɗu masu hatimi babu sa hannu. Wakilan jam'iyyu suka duba, suka ga daga kundin da aka ba ni suka fito, kowa ya yarda a ƙirga su. Muka cike takardar sakamako, suka sa hannu, na manna kwafi a bango. Na kwana ina ganin magana ta ƙare.

INEC ta bayyana Abba Kabir Yusuf na NNPP da ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC da 890,705. APC ta garzaya kotun sauraron ƙararrakin zaɓe. Ranar 20 ga Satumba ina shagon wani abokina muna sauraron rediyo aka ce kotu ta cire ƙuri'a 165,663 daga na Abba, saboda takardun ba su da hatimi ko sa hannu ko kwanan wata, ta kuma ce Gawuna ne ya ci. Alƙalan ba su ma zauna a zauren kotun ba, ta Zoom suka karanta hukuncin. Kafin dare 'yan sanda sun sa dokar hana fita ta awa 24.

Shagon ya kaure da musu, ni kuwa bakina ya mutu. Abin da na raina a wajen horo shi ne ya tuɓe gwamna. Na tuna takardun nan huɗu, na tuna tsohuwar da ta tsaya a rana tun safe. Da ba ta lura ba, da ƙuri'arta ta shiga sahun waɗanda ake iya zubarwa, alhali ita ba ta yi laifin komai ba. Laifin nawa ne, ni da na riƙe biro.

Daga ranar na fara karatun da ya kamata in yi tun kafin in karɓi aikin. Na nemi Dokar Zaɓe ta 2022 na buɗe sashe na 63. Farkonsa ya ce takardar da ba ta ɗauke da alamar hukuma ba za a ƙirga ta ba. Amma nan take a ƙasa ya ce idan baturen zaɓe ya gamsu cewa takardar ta fito daga kundin da aka ba shugaban rumfar, to a ƙirga ta. Sashe ɗaya, ƙofa biyu. Wanda ya tsaya a ta farko zai zubar da ƙuri'a dubu ɗari da sittin da biyar, wanda ya ƙarasa ta biyu zai bar su. A nan na gane cewa rubutun doka ba ya yanke hukunci da kansa, sai wani ya karanta shi, kuma mai karantawar mutum ne da ke zaune a cikin gari mai zafi.

Zafin kuwa ta kowane ɓangare yake zuwa. Masu jar hula, magoya bayan Abba, suna cewa Abuja ce ke juya shari'ar, tunda APC ke mulkin tarayya kuma Abdullahi Ganduje ya zama shugaban jam'iyyar na ƙasa a watan Agusta. Ta ɗaya gefen, kwanaki kaɗan kafin hukuncin wani kwamishina a gwamnatin jihar ya fito ya yi wa alƙalan barazana, har gwamna ya sallame shi. Ni ban ga wanda ya ba wani ko kwabo ba, kuma ba zan ɗora wa alƙali abin da ban shaida ba. Abin da na gani da idona shi ne kowa yana yabon kotu ranar da ta ba shi gaskiya, yana tsine mata ranar da ta hana shi.

Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cire Abba a ranar 17 ga Nuwamba, ta jingina da cewa ba ɗan NNPP ba ne lokacin da aka tsayar da shi. Sai kuma kwafin hukuncin da aka fitar a rubuce ya zo da wani sashe da ke ba shi nasara, kotun ta ce kuskuren rubutu ne. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai. Kuskuren biro a rumfa ya isa a soke zaɓin talaka, kuskuren biro a kotu kuwa gyarawa kawai ake yi.

Ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli, ƙarƙashin Mai Shari'a John Inyang Okoro, ta mayar da ƙuri'un, ta ce batun zama ɗan jam'iyya harkar cikin gida ce ta jam'iyya, ta tabbatar da Abba. A ranar ta mayar da Gwamna Caleb Mutfwang na Filato, ɗan PDP, kan kujerarsa. Sai dai 'yan majalisar PDP na Filato da aka cire bisa irin dalilin da Kotun Ƙolin ta rushe ba su dawo ba, domin shari'ar zaɓen majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa. Gaskiya ɗaya, amma gwamna yana da matakala uku, ɗan majalisa biyu. Waɗanda suka tsara hakan a kundin tsarin mulki su ma 'yan siyasa ne.

Ƙanwata ta ce tana son yin aikin zaɓe idan lokaci ya zo. Na zaunar da ita na ce ta tafi da biro uku da tawadar hatimi tata ta kanta, kada ta yage takarda ta biyu sai ta gama da ta farko, ko da layi zai kai bakin titi. Na ce kafin ta miƙa wa kowa takarda ta juya bayanta ta nuna wa wakilan jam'iyyu. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, duk wannan a kan hatimi?" Na ɗauko wayata na buɗe mata sashe na 63, na ce ta karanta mini da ƙarfi, tun daga farko har ƙarshe.