Silifas da yashin bazara

Daga tsakiyar Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, ƙasar wajenmu ba ta takuwa da rana. Mu nan yankin Taura jigawa ce, yashi ne ko'ina, shi kuwa yashi idan ya sha rana ba ya sakin zafi da wuri. A rediyo za ka ji an ce zafi ya kai digiri 40 ko ya haura, amma wannan awon iska ne a inuwa. Abin da tafin ƙafa ke takawa ya fi haka nesa ba kusa ba.

Ni malamin firamare ne, kuma lokacin tashinmu shi ne daidai lokacin da rana ke tsaka. Yaran da ba su da takalmi ba sa tafiya gida kamar sauran. Daga inuwar darbejiyar makaranta sai su kwasa a guje, ƙafa me na ci ban ba ki ba, sai gindin gawo, su tsaya suna ɗaga wannan ƙafa suna sauke waccan, sannan su hango inuwa ta gaba. Allah Ya sa gawo da rani yake ganye. Akwai wa da ƙane a ajina da silifas ɗaya gare su, kowa ya sa wari guda yana ɗingishi. Duk ranar da na gan su sai abin ya tsaya mini a rai har dare.

Saboda haka ban yarda a wulaƙanta silifas ba. Shi ne takalmin talaka, kuma a inda aka yi shi domin wurin babu kamarsa. Ka yi alwala da shi ya bushe kafin ka isa masallaci. Ka tuɓe shi a bakin ƙofa ba tare da ka sunkuya ba. Mata na wanke-wanke da shi, a shiga makewayi da shi, a ɗauraye shi da ragowar ruwan buta. Ƙafa tana shan iska, babu gumin da sau-ciki ke tarawa tsakanin yatsu har su yi fari su fara ƙaiƙayi. Ranar Juma'a ka dubi ƙofar masallaci, silifas ne jibge iri ɗaya kala ɗaya, shi ya sa kowa ke yi wa nasa shaida, wani ya yanke ɗan gefe da reza, wani ya ɗora masa zafaffen ƙarfe. Malaminmu na zaure yakan kawo hadisin da Muslim ya ruwaito daga Jabir, inda Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da yawaita sa takalmi, domin mai takalmi tamkar wanda ke bisa abin hawa ne.

Inda nake da magana shi ne aikin da muke ɗora masa wanda ba nasa ba. Da shi ake zuwa kiwo, da shi ake sharar gona, da shi ake tafiyar ƙafa zuwa kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Ƙasansa soso ne mai laushi. Tsidau yana huda shi, ƙayar aduwa kuwa ratsa shi take yi ta samu nama. Bayan 'yan watanni dunduniyarsa ta suɗe ta zama kamar ganye, rabin ƙafar mutum a ƙasa take alhali yana ganin da takalmi yake tafe. Babu maɗauri ta baya, don haka yatsu ne ke ƙanƙame shi duk tsawon tafiya, da yamma ka ji sha-raɓa na ciwo.

Sai kuma gyara. Idan hancinsa ya zare daga rami, abin da yara suka sani shi ne su soke ƙusa ko guntun waya ta ƙasa su tare shi. Ƙusar nan tana shan ruwan alwala da na rijiya, ta yi tsatsa, wata rana ta juyo ta soki tafin ƙafa. Rauni mai zurfi da ƙasa ta shiga cikinsa shi ne hanyar cutar tetanus, mai sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. Ina gaya wa ɗalibaina su yi amfani da tsumma ko zare mai ƙwari, ko su kai wa shumeka ya ɗinke. In kuwa ƙusa ta riga ta soki yaro, a wanke da sabulu a kai shi asibiti a yi masa allura, kada a tsaya ga ɗiga man ja mai zafi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ƙafar tsofaffi ce. Baba yana da ciwon suga, kuma wannan ciwo idan ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa. Wata Juma'a masallaci ya cika, ya tuɓe takalmi ya tsaya a kan siminti a waje. Da ya dawo yana zaune a kan tabarma na hango tafin ƙafarsa ya yi bororo. Na ce, “Baba, me ya same ka a ƙafa?” Ya juyo ta yana dubawa ya ce, “Ikon Allah! Wallahi ban ji komai ba.” Ƙunar nan ta daɗe ba ta warke ba, muka yi ta zaryar wankin ciwo. Yanzu kowane dare ni ko ƙanwata muna haska ƙafarsa da tocila, mu duba tsakanin yatsu, mu shafa masa man kaɗanya a dunduniya saboda faso. Darduma kuwa jikansa ke riƙe masa ita duk inda zai yi salla, kuma mun raba shi da silifas mai hanci, mun saya masa mai faɗin maɗauri da kauri a ƙasa.

Don tafiyar daji, ni takalmin taya nake sawa. Akwai wani dattijo a kasuwar Gujungu da ke yanka shi. Za ka ɗora ƙafa a kan ɓallin taya ya zagaye ta da alli, ya tsoma wuƙarsa a gwangwanin ruwa don ta riƙa sulɓi, ya bi zanen a hankali yana danne robar da gwiwa. Ya ce mini, “Malam, tayar yanzu duk waya ce a ciki, cin wuƙa take yi. Mai zare muke nema.” Maɗauran yakan yanko su ne daga tsohon tib, ya buga ƙusoshi ya lanƙwashe bakinsu a kan ƙarfe, ya shafa da yatsa ya tabbatar babu mai tsini. Yana da nauyi, kuma makon farko sai ya ɗan goge maka fata. Amma ƙaya ba ta ratsa shi, yana kama dunduniya, kuma kafin ya mutu ka canja silifas ba adadi.

Na fata kuwa, irin faɗe na dukawa, ya koma takalmin salla da biki saboda tsada. Abin da ciwo, domin sana'ar ƙasarmu ce. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa takalman Kano na cikin manyan hajojin da fatake ke fita da su har Arewacin Afirka. Fata tana shan gumi, ba ta ɗaukar zafi kamar roba, sai dai ba ta son ruwa ko kaɗan.

Da dare ma ba a tsira ba. Bazara lokacin kunama ce, ga shi kowa a tsakar gida yake kwana saboda ɗaki ba ya shiguwa. A gidanmu yaro ba ya tashi fitsari sai da silifas da tocila, takalmin da ya kwana a waje kuma sai an kakkaɓe shi kafin a zura ƙafa. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas aka shiga sharar gona, maganar ta koma ta maciji, musamman kububuwa da ke laɓewa ƙarƙashin kara da busasshiyar ciyawa, kuma galibi a ƙafa take sara. Nan kam silifas da na taya duk ba su da kariya, sai dogon takalmin roba mai kaiwa ƙwauri. Manoma ba sa son sa, sun ce zafi da nauyi, ga kuɗi. Ni da ƙannena karo-karo muka yi muka sayi guda, yana rataye a zaure, duk wanda zai shiga kwashe kara a gonar fadama shi ke sawa.