Godiya ga duk wanda ya tsaya mana bayan abin da ya same mu a dajin Taman Negara

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah an sallamo Oga daga asibiti, muna gida a Kuala Lumpur, ƙafa na cikin filasta amma yana cin abinci yana surutu, har ya fara damuna da a miƙo mishi kwamfutarshi wai aiki na jiranshi, to kun ga sauƙi ya samu. Saƙonni sun taru a wayata ban iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, dan Allah a yi min uzuri, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ya gani.

Masu tambayar me ya kai mu daji, har da Hajiya da ta ce duk faɗin Malesiya mun rasa wajen hutu sai gidan macizai, to ga amsa. Zaman ƙasar waje ba yadda ake gani a hoto ba ne, shi yana makaranta tun safe sai dare, ni ina can saman bene ni da yarinya, in mun fita daga mol sai tashar jirgin ƙasa sai mu dawo. Da ya samu hutu muka ce a je a ga wani abu da ba siminti ba. Taman Negara shi ne babban gandun dajin ƙasar, murabba'in kilomita 4,343, ya ratsa jihohin Pahang da Kelantan da Terengganu, kuma ana cewa ya kai shekara miliyan 130 yana nan. Muka bi ta Jerantut muka sauka Kuala Tahan, ƙauye ne a bakin kogin Tembeling, gidajen abincinsu ma a kan ruwa suke, kwalekwale ke tsallakar da mutum zuwa ƙofar dajin.

Duk mai tunanin zai je ya ga dabbobi a jere suna jiranshi ya cire wannan a ranshi. Dajin a rufe yake ruf, bishiyoyi sun tokare sama rana da ƙyar take ratsowa, gumi kuwa tun kafin ka yi nisa ka jiƙe sharkaf. Za ka ji kuka ta ko'ina amma ba ka ganin mai yin. Akwai giwa akwai damisa mai ratsi, sai dai ita damisar an ce waɗanda suka rage a dazukan ƙasar gaba ɗaya ba su kai 150 ba, jagoranmu ma da ya tsufa a wannan aikin ya ce sawunta kawai ya taɓa gani. Mu dai mun ga birai da guza da aladen daji, sai matsattsaku, waɗannan kam sun gan mu da kyau, sai ka cire safa ka tarar da jini ba ka ma san yaushe suka hau ba. Muka kwana a wata rumfar katako mai tsayi da suka gina kusa da inda dabbobi ke zuwa lasar gishiri, ba magana ba haska fitila barkatai, ina ta mita a raina, can tsakar dare jagoran ya taɓa Oga ya haska a hankali, sai ga wata dabba da ake kira tafir, gabanta baƙi tsakiyarta fari fat da ɗan guntun hanci mai lanƙwasa, tana lasar ƙasa hankalinta kwance. Wallahi na manta da ƙaiƙayin ƙafata.

Da safe a hanyar dawowa ne abin ya faru, an kwana ana ruwa, saiwoyin bishiya sun yi santsi, Oga ya taka ɗaya a gangare ƙafar ta shige tsakaninsu jikin ya tafi. Ƙarar da na ji ba na son tuna ta. Karaya ce a idon sawu, ga shi ba sabis a waya ko ɗigo.

Godiyata ta farko ga jagoranmu. Mutumin nan bai ruɗe ba ko kaɗan, ya sare sanda biyu ya ɗaure ƙafar, ya ce min in riƙa yi wa mijina magana kar in bari ya yi shiru, ya sheƙa da gudu sai ga shi ya dawo da samari biyu 'yan ƙabilar Batek, mutanen da asalinsu a cikin dajin suke zaune. Ba ma jin yarensu ba sa jin namu. Nan take suka haɗa abin ɗauka da itace da igiyar daji da tamfol, da na ga an ɗora shi an ɗaga kamar makara gabana ya faɗi, sai da na yi ta innalillahi. Haka suka bi taɓo da gangare ba takalmi a ƙafarsu har bakin kogi, in ɗaya ya gaji jagoran ya karɓa. Da muka miƙa musu ɗan abin da ke aljihunmu sai da aka yi ta fama kafin suka amsa. Ba za su ga wannan rubutun ba, amma Allah ya gani, Allah ya saka musu. Haka mai kwalekwalen da ya bar fasinjojinshi ya juyo dominmu, da direban da ya kwashe mu zuwa Jerantut yana tuƙi a hankali saboda gargada.

Likitoci da nas-nas da suka karɓe mu a can da waɗanda suka yi tiyata a Kuala Lumpur aka sa ƙarfe, mun gode. Maƙwabciyarmu dattijuwa 'yar Malay da muka bar wa yarinya da niyyar kwana kaɗan abu ya zarce, ba ta taɓa nuna gajiya ba, kullum sai ta turo min hotonta an yi mata wanka an ɗaure gashi, ga kular miya tana aikowa asibiti. 'Yan uwa ɗalibai kuwa ban san ta ina zan fara ba, kun raba kwanan jinya a tsakaninku alhali wasunku na da jarabawa, kun bi mana takardun inshora, abin da inshorar ba ta biya ba kuka haɗa ringgit kuka cike, kuma na san yadda aljihun ɗalibi yake a nan. Malamin da ke duba aikin Oga ya zo da kanshi ya ce a manta da batun rubutu sai ya warke. Iyaye da yayye da ƙanne na gida da kuka hana idonku barci kuna addu'a, Allah ya bar zumunci, ya biya kowa da mafificin alheri.

Likita ya ce kar ya taka ƙafar sai an sake hoton ƙashi, yanzu da sanduna yake lallaɓawa. Masu son zuwa dubiya ƙofa a buɗe take bayan la'asar. Na gida kuma dan Allah a riƙa duba agogo kafin a kira, mun riga ku da awa 7, in kun idar da isha'i mu nan tsakar dare ne, a turo saƙon murya zai saurara da safe in sha Allah.