Wata uku a cikin motar kwana, saharar Arizona

Kwana tara ke nan da dawowata amma har yanzu in na buɗe famfo sai hannuna ya kai ya rage shi da kansa, wannan kuwa aikin Arizona ne. Yayana da ke zaune a birnin Finiks na jihar shi ya ja ni, yana da irin motar nan mai ɗaki a ciki, gado biyu, ɗan murhun gas, firij ƙarami, da banɗakin da in ka shiga gwiwarka na taɓa ƙofa. Ya ce mu je mu yi wata uku a daji in ga wata Amurkar da ba a nunawa a talabijin. Na ce Yaya ai ni saboda gani na zo.

Daga Finiks zuwa Kwazait, garin da muka nufa, wajen kilomita 200 ne yamma, hanya ba abin faɗa. Garin ne abin mamaki. Mazaunansa na dindindin ba su kai dubu uku ba, amma a watan Janairu duk inda ka juya fararen motocin kwana ne sun baje a fili har iya ganinka, yawancinsu tsofaffi ne ’yan fansho daga Kanada da arewacin Amurka da suka gudo wa sanyi. Filin na gwamnatin tarayya ne, akwai inda za ka sauka kyauta kwana 14 sannan dole ka tashi, akwai kuma inda ake biyan kuɗi sau ɗaya a zauna tun daga 15 ga Satumba har 15 ga Afrilu, can ne ake da famfo da wurin zubar da ƙazanta. Mu can muka sauka.

To rayuwar motar dai gaba ɗaya lissafin ruwa ce. Tankoki uku ne a ƙarƙashinta, ɗaya na ruwa mai tsabta, ɗaya na ruwan wanke-wanke, ɗaya na banɗaki, kuma kullum da safe kafin a ɗora shayi sai Yaya ya danna wani ɗan maɓalli ya ga ina kowanne ya kai. Wanka kuwa ka jiƙa jiki, ka rufe famfo, ka shafa sabulu, ka buɗe ka ɗauraye, ko minti biyu ba a yi. Alwala da kofi ɗaya. A gida mu ma mun san wahalar ruwa, amma a gida in naka ya ƙare akwai maƙwabci, akwai mai turo kura, nan in ya ƙare sai an naɗe rumfa, an ɗaure kwanuka, an tayar da gidan dungurungum an je an bi layi. Ruwan sha kuma daban ake saye a injin da ake jefa wa kwabbai, galan-galan, galan ɗaya lita 3.8. Ban taɓa yarda da wannan ba har na taho, a ƙasar da ke da kuɗi haka mutum ya tsaya yana jefa kwabo don ya sha ruwa.

A kasuwar gwanjonsu na yi cinikin da na fi jin daɗi, faifan sola na hannu, mai shi ya ce dala 120, na taya 60, ya kalle ni kamar na zage shi, na yi shiru ban motsa ba, muka ƙare a 75. Yaya ya ce shekarunsa a ƙasar bai taɓa taya kaya ba. Faifan nan shi ya riƙe mana fanka da firij har ƙarshe.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai kabari ne. A maƙabartar garin akwai wata ’yar dala ta duwatsu da raƙumin ƙarfe a samanta, ashe kabarin wani Hajji Ali ne, mai kiwon raƙuma da ya zo daga Gabas ta Tsakiya a 1856 lokacin da sojan Amurka ke gwada amfani da raƙuma a sahararsu. Sunan ya yi wa sojojin nauyi suka mayar da shi Hai Joli, ya mutu a garin a 1902. Na daɗe tsaye a wurin wallahi, ina tunanin mutum ya baro ƙasarsa da raƙuma ya ƙare rayuwarsa a nan, na yi masa addu’a kafin mu tafi.

Da Maris ya shigo sai zafi ya fara nuna halinsa, kuma azumi ya same mu a wurin. Motar nan gwangwani ce, ƙarfe goma na safe ta ɗau zafi, sai mun liƙe tagogi da irin takardar nan mai ƙyalli, mu juya ta yadda gefen firij zai samu inuwa, mu fito ƙarƙashin rumfa mu zauna har la’asar. Inuwar bishiya babu, sai dogayen ƙayoyin nan masu hannuwa a sama. Zafin busasshe ne, ba ka ganin gumi sai leɓe ya tsage. Takalmi kuwa ba a sawa sai an kakkaɓe saboda kunama, macizai masu ƙararrawa a wutsiya ma lokacin suke fitowa.

Akwai wata tsohuwa ’yar Kanada da motarta ke kusa da tamu, ita kaɗai da karenta. Ta lura ba ma cin komai da rana, ta tambayi Yaya ya yi mata bayani, washegari dab da magariba sai ga ta da jakar ƙanƙara da kwalin dabino, ta ajiye a bakin ƙofa ta juya ko zama ba ta yi ba. Haka ta riƙa yi har ta tafi. Mutanen nan ba su iya doguwar gaisuwa ba, ɗaga hannu kawai, da farko na ɗauka girman kai ne, amma ranar da batirinmu ya mutu mutum uku suka zo da wayoyinsu na jona batir ba wanda ya kira su.

Daga baya mun gangara Yuma, kusa da iyakar Meziko, inda ake noman dabinon Majhul da aka kawo irinsa daga Maroko a 1927. Manya ne ƙwarai, da daɗi, amma tsadar ta yi yawa. A hanyar dawowa wani jami’i a shingen bincike ya riƙe fasfona ya fi minti ashirin muna cikin rana, yana maimaita tambaya ɗaya yana ɗaga murya, alhali takarduna cikakku ne. Har yau abin na ci mini rai.

Tsakiyar Afrilu filin ya watse, zafi ya kusa digiri 38, muka zubar da tankoki muka kama hanyar Finiks.