Gidan yarin da bai taɓa ganin fursuna ba

Tunda na dawo Katsina ba a tambaya ta komai sai zancen kunkuru, duk saboda hoton nan da na ɗora a WhatsApp. To bari in rubuta sau guda kowa ya huta.

Babban jirgin ruwan da muka shiga yawon shaƙatawa ni da Yaya ya tsaya Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya na yini ɗaya tal, aka ce mai son shiga gari ya shiga, mai son tsibirin Changuu ya biyo layi. Mu tsibirin muka zaɓa. Kwale-kwale mai inji aka zuba mu ciki, tafiyar kilomita 5 da ɗoriya ce daga tsohon gari, kamar minti 30. Shi babban jirgi ai kamar kana cikin otal ne, amma wannan ruwa na fallatso maka a fuska, kuma ni duk ruwan da na sani bai wuce dam ɗin Jibiya da na Zobe ba. Na riƙe katako gam ina ta salati, Yaya na cewa "kai dalla saki, ba inda za ka". Na ce Yaya bar ni da abina.

Tsibirin ɗan mitsitsi ne, tsawonsa wajen mita 800. Kowa kurkuku yake kiransa, amma wai ashe ba a taɓa kulle fursuna ko ɗaya a ginin ba. Wani Baturen Ingila, Lloyd Mathews, wanda yake kamar wazirin Sarkin Zanzibar, shi ya sayi wurin a 1893 ya sa aka gina gidan yarin, ana gamawa sai aka maida shi wurin killace matafiya saboda tsoron annoba, musamman ciwon shawara. Ɗakunan na nan da kaurin bango da ƙananan tagogi, wani ɓangare an gyara har ana saida lemo a tsakar gidan, ƴan yawo na ta ɗaukar hoto suna dariya.

Ni abin da ya tsaya min a rai na kafin ginin ne. A shekarun 1860 Sarki Majid bin Sa'id ya ba wasu Larabawa biyu tsibirin, su kuma nan suke ajiye bayin da suka ƙi bin umarni. Ka duba fa, ba sai an yi katanga ba, ruwa ta ko'ina, ga garin can kana hango shi ƙiri-ƙiri amma ba hanya. Mai mana jagora ya faɗi wannan a gurguje ya wuce, don ya san ba shi mutane suka biya kuɗi su ji ba. Ban ga laifinsa ba, neman abinci yake, amma na ɗan tsaya baya ni kaɗai.

Sai kunkurayen. Wallahi hoto bai nuna girmansu, wani ya fi turmin gidanmu, babba kan haura kilo 200. Ba ƴan asalin nan ba ne, a 1919 gwamnan tsibiran Seshel da ke tekun Indiya ya aiko guda 4 kyauta, irin na tsibirin Aldabra, suka hayayyafa har suka kai wajen 200 a 1955, daga nan ɓarayi suka sa su gaba ana sacewa ana sayarwa ƙasashen waje, zuwa 1996 saura 7 kacal. Shi ya sa yanzu suna cikin shinge ana gadinsu, wato dai a ƙarshe su ne suka ci gidan yarin. An rubuta wa manyan shekarunsu da fenti a baya, wanda na tsaya kusa da shi ya haura 100, ina shafa masa wuya yana miƙo shi kamar tsoho wajen wanzami. Ga dawisu na ta kai-komo a tsakaninsu ba mai kula shi.

Da na nuna wa Hajiya hoton ta daɗe tana kallo, ta ce to shi wannan mi yake ci ya kai haka? Na ce ganye ne kawai, Hajiya. Ta ce ka ji ko, kai kuma in an yi kwaɗon zogale sai ka ce ka ƙoshi.