top na cewa 10, SIGPROF kuma shiru

Ɗan shirin kwamfutar nan nawa mai karanta cajin batirin sola ne ya hana ni sakat yau. Kun san shi, duk milisakan 20 yake farkawa, ya yi aikin kamar milisakan 2 ya koma barci, top kuma, wato manhajar Linux mai nuna yawan CPU da kowane shiri ke ci, na nuna yana cin kashi 10 cikin ɗari na CPU, lissafi ya fita daidai. To na saka masa setitimer da ITIMER_PROF, agogon da ke turo sigina mai suna SIGPROF duk sanda shiri ya cinye wani adadin lokacin CPU, don in ga ina lokacin ke tafiya a cikinsa, sai abu ya zama kamar na aljanu, wani tashin SIGPROF ya yi ta zuwa har ya ninka yadda ya kamata, in kashe in sake tayarwa sai tsit, ko ɗaya ba ya zuwa. Shiri ɗaya, inji ɗaya, ban taɓa ko layi ba.

Da hantsi aka ɗauke wuta. Ga-ruwa bai zo ba sai bayan azahar, Inna sai faɗa take.

Bayan la'asar na kira Yaya, yana ofis amma ya ɗauka. Ban ma gama bayani ba ya katse ni, "HZ ɗinka nawa?" Wato sau nawa agogon kanel, zuciyar Linux, ke bugawa a sakan ɗaya. Na duba, CONFIG_HZ=250. Ya ce to raba sakan ɗaya gida 250 mu gani. Milisakan 4. "Yawwa, 20 ɗin taka 4 nawa ce a ciki?" Biyar cif, ba ragowa. Ya yi dariya ya ce ka ga abinka ke nan ƙanena.

Bari in rubuta yadda abin yake tun yana kaina. A irin kanel ɗin Linux da ke kan injina agogo na bugawa duk milisakan 4, in ya buga account_process_tick ya duba wa ke kan CPU a daidai lokacin, ya rubuta masa milisakan 4 ɗin duka, ko yanzun nan ya hau. Wanda ya yi aikinsa tsakanin bugu da bugu ya sauka ba a rubuta masa komai. Kamar mai karɓar haraji ne a kasuwar Dole da ke zagayowa lokaci lokaci, wanda ya tarar zaune a rumfa shi zai biya na yini, wanda ya sayar ya tashi kafin ya iso ya sha. Nawa shirin tunda 20 ta rabu da 4 ba ragowa, kullum a wuri ɗaya yake faɗowa tsakanin bugun. In sa'ar tashinsa ta sa bugun na faɗa cikin milisakan 2 ɗinsa, duk farkawa sai a caje shi 4, ninki biyu ke nan. In ba ya faɗawa to har abada ba za a gan shi ba.

Na ce Yaya to me ya sa top ke faɗin gaskiya? Ya ce littafi biyu ne. Tun 2007 da CFS, tsarin rabon CPU tsakanin shirye-shirye, ya shigo a Linux 2.6.23, mai rabon CPU na riƙe nasa lissafin na nanosakan a sum_exec_runtime, duk hawa da sauka yana rubutawa. In ka karanta /proc/PID/stat, cputime_adjust ne ke miƙe utime da stime, wato lokacin da shiri ya ci a nasa aikin da wanda ya ci a cikin kanel, har jimlarsu ta yi daidai da wancan, shi ya sa top ke samun adadi mai kyau. ITIMER_PROF kuwa ɗanyen lissafin bugun agogo yake ci. Da wuta ta dawo na kunna ftrace, mai bin sawun abin da kanel ke yi, na bi sched_switch mai nuna hawa da sauka daga CPU, wallahi ga shi a fili, shirin ya hau bayan bugu kaɗan, ya sauka, sannan bugu na gaba ya zo ya tarar da CPU ba kowa, haka layi bayan layi har ƙasan allo.

Har nan raina fari tas. Abin da ya ɓata min shi ne maganar da ya rufe da ita, wai "wannan ba matsala ba ce, haka aka ƙera shi, mayar da 20 ɗinka 21 ka huta." Na mayar, ya yi aiki kuwa, don yanzu duk zagaye yana gusawa da milisakan 1, wani lokaci a kama shi wani lokaci a rasa shi, matsakaicin ya fito daidai. Amma ni ban huta ba. Na ce masa Yaya ai RLIMIT_CPU ma, iyakar lokacin CPU da ake sa wa shiri, da wannan ɗanyen lissafin yake aiki, kenan in ka sa wa shiri iyaka, mai wayo zai iya kwanciya dab da bugu ya tashi bayansa, SIGXCPU, siginar da ake turo wa wanda ya wuce iyaka, ba zai taɓa riskarsa ba. Ya ce an daɗe da sani, tun 2007 masu bincike suka nuna yadda shiri zai cinye CPU ta wannan hanya ba tare da izinin root, mai cikakken iko a kan inji, ba. Ya ce karanta agogo a duk shiga da fita kanel yana da tsada don yana cin lokacin CPU, mai so ga saitin CONFIG_VIRT_CPU_ACCOUNTING_GEN nan da nohz_full sai ya biya. Na yarda da zancen tsada, ban yi musu ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ba matsala. Mutum ya zauna da kayan awo ya amince da su, su ba shi sifili alhali inji na aiki, ni a wurina matsala ce ko da gangan aka yi ta. Yaro nawa ne zai ga wannan shirun ya ɗauka shi ne bai iya ba, ya rufe kwamfuta ya bar abin gaba ɗaya, don ba shi da yayan da zai kira?

Ya ce ina da zafin kai, sai an jima, ana kiransa. Ban ji daɗin yadda muka rabu ba, kuma na san ba da wata manufa ya faɗa ba.

Na leƙa fada bayan magariba, shayi na farko kawai na sha na taso, hirar ƙwallo suke ni kuma hankalina ba ya wurin. Auta na son in duba masa lissafin lekol, na ce gobe.

Yanzu na koma auna jimla da clock_gettime da CLOCK_PROCESS_CPUTIME_ID, wannan daga littafin nanosakan yake karantowa. Gobe in Allah ya kai mu kuma wuta ta zauna zan haɗa kanel da HZ=1000, in mayar da 20 ɗin yadda take in ga ko SIGPROF zai daidaita, don aikin milisakan 2 ba shi da wurin ɓuya in ana bugawa duk milisakan 1. In ya fito zan tura wa Yaya hoton allon, da tambayar RLIMIT ɗin nan kuma, don bai amsa min ita yadda nake so ba.