Aikin dare a gonakin Teksas da na'urar hangen zafi

Kamfanin da nake gudanarwa bai wuce mutum uku ba, wato ni da ɗan yayana wanda aka haifa a nan Amurka, sai kuma wani dattijo ɗan asalin jihar Teksas wanda ya san gonakin yankinmu tun yana yaro. Aikinmu shi ne rage yawan aladun daji a gonakin da ke yamma da birnin Houston, tsakanin kogin Brazos da kogin Colorado, inda ake noman shinkafa da masara da dawa, ake kuma kiwon shanu. Manomi ne yake kiranmu idan ɓarna ta kai masa wuya, mu je mu duba gonar da rana, mu yi ciniki, sannan mu dawo da dare.

Waɗannan aladu ba 'yan asalin nahiyar ba ne. Turawan Sifaniya ne suka fara shigo da su, kuma ana yawan ambaton ayarin Hernando de Soto da ya sauka a Florida a 1539 da garken aladu a matsayin guzuri. Daga baya aka kawo na dawa daga Turai domin farauta, suka cakuɗa da na gida da suka tsere. Ma'aikatar noma ta Amurka tana ƙiyasta cewa yawansu ya haura miliyan 6 a ƙasar, kuma Teksas kaɗai tana da sama da miliyan 2. Macen tana ɗaukar ciki na kwana 114 ne kawai, tana haifar biyar ko shida a lokaci guda, kuma 'ya'yan kan fara haihuwa tun ba su cika shekara ba, shi ya sa masana a jami'ar Texas A&M suke cewa sai an cire kusan kashi biyu cikin uku a kowace shekara kafin adadinsu ya tsaya inda yake. Wanda ya taɓa ganin gonar masara da safe bayan garke ya bi layin shuka yana tono irin ɗaya bayan ɗaya ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Dokar jihar ta sassauta a kansu. Tun daga ranar 1 ga Satumba 2019, mutum ba ya buƙatar lasisin farauta kafin ya harbi aladen daji a filin da ba na gwamnati ba, muddin mai filin ya ba shi izini, kuma an yarda a yi hakan da dare. Duk da haka mu ukun muna sabunta lasisinmu kowace shekara, muna karɓar izinin mai gona a rubuce, muna kuma buga wa jami'in kula da namun daji na gundumar waya kafin mu fita, domin maƙwabcin da ya ji ƙarar bindiga da ƙarfe biyun dare yana da haƙƙin ya kira hukuma, kuma gara hukumar ta riga ta san ko su waye a wurin.

Da yake aladun sun koyi fitowa da dare, babban kayan aikinmu na dare shi ne na'urar hangen zafi da ake ɗaura wa a kan bindiga. Mutane da yawa suna haɗa ta da na'urar hangen dare mai koren hoto, alhali sun bambanta. Mai koren hoton tana tattara ɗan hasken wata ko na taurari ne ta ninka shi, ita kuwa wannan ba ruwanta da haske ko kaɗan. Kowane abu mai ɗumi yana fitar da wani irin haske da idon mutum ba ya gani, wanda masanin taurari William Herschel ya gano a 1800, kuma shi ne na'urar take kamawa ta mayar da shi hoto a wani ɗan allo da ke cikinta. Idonta na gaba da wani ma'adini mai suna jamaniyam ake yin sa, saboda gilashi na yau da kullum yana tare wannan hasken, dalilin da ya sa ba a iya hango komai da ita ta tagar mota idan an ɗaga gilashi. Wannan idon yana cikin abubuwa mafi tsada a jikinta, don haka ba ma goge shi da gefen riga, ba ma kuma fuskantar da shi ga rana ko ga wuta mai ƙarfi, domin hakan yana iya lalata abin da ke karɓar zafin a ciki. Kamfanoni irin su Pulsar da AGM da Trijicon duk suna ƙera ta, kuma abin da ya fi raba farashi shi ne yawan ɗigon hoton: akwai mai 384 sau 288, akwai mai 640 sau 480 ko 512, kuma ta biyun ce nake shawartar duk wanda zai yi aiki a inda akwai dabbobin kiwo.

Ɗaura ta ba wuya, amma yana son natsuwa. Abu na farko shi ne a cire gidan harsashi, a buɗe bindigar, a leƙa da ido a kuma taɓa da yatsa a tabbatar babu komai a ciki. Sannan a zaunar da na'urar a kan doron ƙarfen da ke saman bindigar, a matsar da ita gaba ko baya har ido ya ga allon gaba ɗaya ba tare da an miƙa wuya ba, a bar ɗan tazara yadda ba za ta bugi gira ba idan bindigar ta yi baya. Sukurorin ana ɗaure su ne da ma'aunin ƙarfi daidai yadda maƙerin ya rubuta, domin wanda ya ɗaure da ƙarfin hannunsa yakan wuce ƙima ya murɗe ƙafar, ko kuma ya gaza ta riƙa motsi a ɓoye. Daga nan sai a gyara zoben da ke kusa da ido har rubutun allon ya fito sarai, kafin a taɓa zoben gaba wanda ke daidaita nisa.

Gwajin saiti a filin harbi ake yin sa, da rana, a nisan yadi 100, kusan mita 91 ke nan. A nan ne sabon shiga yake fara gane irin abin da ya saya, domin takardar gwaji mai zanen da'ira ba ta fitowa a allon, tunda zanen da takardar zafinsu ɗaya ne. Mu muna manna ɗan ƙunshin ɗumama hannu, irin wanda ake sawa a aljihu lokacin sanyi, a tsakiyar takardar, sai ya fito fari tas. Bayan harbi uku a duba inda suka faɗa, a gyara, a sake gwadawa. Ƙa'idar kamfaninmu ita ce duk na'urar da aka cire daga kan bindiga, ko ta faɗi, ko ta bugu da ƙofar mota, ba za ta fita aiki ba sai ta koma filin gwaji. Wannan yana cin lokaci da harsashi, kuma ɗan yayana ya sha yi mini ƙorafi a kansa, amma harsashin da ya kauce da taƙi ɗaya a yadi ɗari yana barin dabba da rauni tana wahala, ko ya tafi inda ba a aike shi ba.

Akwai kuma halayenta da sai an zauna da ita ake sani. Lokaci-lokaci takan yi wata 'yar ƙara, hoton ya tsaya cak na ɗan lokaci, saboda tana sake daidaita kanta ne, kuma wanda bai san da haka ba yana iya ci gaba da kallon hoton da ya riga ya wuce. Sanyi yana cinye batir da wuri, don haka na ajiya a aljihun ciki yake kwana. Bayan ruwan sama, ko a daren da laima ta yi yawa, wanda shi ne halin yankinmu na kusa da teku, ƙasa da ciyawa da itatuwa sukan zama kusan zafi ɗaya, hoton ya dushe kamar ana kallo ta cikin ƙurar hunturu. A irin wannan dare dabbar tana nan fara sol, amma abin da ke kewaye da ita da abin da ke bayanta duk sun ɓace, kuma sau da yawa nakan ce mu naɗe kaya mu koma gida ko da mai gona ba zai ji daɗi ba.

Abin da na fi wahala wajen koyarwa shi ne cewa na'urar zafi take nunawa, ba ta faɗin mai zafin. Tallan kamfanoni yakan ce ana hango abu daga mita dubu ko fiye, kuma gaskiya ne ana hango wani farin ɗigo, sai dai nisan da za ka iya rantsuwa cewa wannan alade ne bai kai rabin rabin wancan ba. Ƙara girman hoton da maɓalli ba ya ƙara komai, ɗigon ne kawai yake kumbura. Wani dare a wata gonar ciyawa, ɗan yayana ya raɗa mini cewa, "Kawu, ga su can guda huɗu a gindin shinge." Na duba na ga abubuwa huɗu gajeru, masu faɗi, kawunansu a ƙasa. Na ce masa, "Ɗana, sauke hannunka, mu jira su motsa." Mun fi minti goma a tsaye sauro na cin mu, sai ɗaya ya miƙe, ƙafafu suka fito dogaye, ya yi miƙa irin ta maraƙi. Ashe mai gonar ya mayar da shanunsa wannan ɓangaren da yamma, ya manta bai gaya mana ba. Kama da wane ba ta wane, kuma maraƙin da ya kwanta a ciyawa ba shi da maraba da alade a wannan allon.

Tun daga ranar ba ma karɓar siffa kaɗai a matsayin shaida, sai an ga tafiya. Alade ba ya tsayawa wuri ɗaya, kansa a ƙasa yake yana tono, wuyansa kamar babu, ƙananan suna kai da komo a tsakanin manya. Barewa tana ɗaga kai akai-akai tana saurare, kuma harbinta da dare laifi ne a jihar. A kudanci da yammacin Teksas akwai wata dabba da ake kira javelina wadda ta yi kama da ƙaramin alade matuƙa, amma dokar farauta tana kare ta, biyu kawai aka yarda mutum ya harba a shekara, kuma da lasisi. Sannan akwai karen maƙwabci, akwai kuma wanda ya fi duka nauyi, wato mutum. Ma'aikacin gona da ya sunkuya yana gyara bakin ruwa a gonar shinkafa da tsakar dare shi ma gajere ne mai faɗi, kansa a ƙasa.

Saboda haka ne muka hana leƙe da na'urar da ke kan bindiga. Duk inda ka juya ta ka duba, can bakin bindigarka ya juya, ke nan wanda yake neman dabba da ita ya riga ya auna duk abin da ya kalla, har da gidan mai gona. Kowannenmu yana rataye da wata ƙaramar na'urar ta hannu a wuya, da ita ake nema, da ita ake tantancewa, kuma ba a ɗaga bindiga sai mutum biyu sun yarda da bakinsu cewa alade ne. Kuɗin wannan ƙaramar na'ura ya yi mini ciwo lokacin da na saye ta har uku, amma ban taɓa lissafa ta cikin abin da za a iya ragewa ba.

Zagayen da muke yi da rana shi ne rabin aikin. Muna zana inda gidaje suke, da titi, da rumbun injina, da tankin gas, da inda shanu za su kwana, mu ware kusurwoyin da ba za a harba ba ko da garke ɗari ne ya tsaya a wurin. Ƙasar yankin shimfiɗe take kamar faranti, harsashin babbar bindiga kuwa yana iya tafiyar kilomita uku ko fiye idan bai sami abin da ya tare shi ba, shi ya sa muke neman tudu ko bayan mota mai tsawo domin harbin ya nufi ƙasa. A cikin mota bindiga babu harsashi a bakinta, haka wajen tsallake shinge. Muna tsayawa a jere kafaɗa da kafaɗa, babu mai wuce gaba, yatsa ba ya kusantar kunama sai an gama ƙirga, kuma idan garken ya watse ya nufi kusurwar da aka hana, an gama ke nan.

Ya kamata in faɗi cewa yawancin aladun da muke cirewa da tarko muke kama su, babban keji mai ƙofa da ke rufe garke gaba ɗaya, bindigar dare kuwa ta waɗanda suka waye ne suka ƙi shiga. Ni Musulmi ne, ba na cin naman, ba na kuma sayar da shi. Ladan kare amfanin gona nake karɓa, abin da aka kashe na mai gona ne. Muna jan su da safar hannu ta roba, saboda suna ɗauke da cutar burusela wadda ke kama mutum ta jini da ruwan jikinsu.

Kusan duk shekara sai wani daga gida ya kira ni, ya ce, "Alhaji, don Allah a taimaka a saka mana guda ɗaya a cikin kaya, ɓarayi sun hana mu noma." Na san halin da ake ciki, kuma maganar tana taɓa ni, amma amsata ba ta canzawa. Dokar Amurka ta hana fitar da irin wannan na'ura daga ƙasar sai da lasisin gwamnati, kuma mutane sun sha ɗauri a kan haka. A Najeriya ma kayan hangen dare suna cikin waɗanda ba a shigo da su sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ko da babu dokar, abin da ya fita daga hannuna ba ni da ikon sanin hannun da zai kwana a ciki bayan wata shida.

Muna tashi daga gona kafin asuba. Kowa ya cire harsashi ya nuna wa na kusa da shi cikin bindigarsa, a rufe idon na'urar da murfinsa, a cire batir a sa a caji. Idan an shigo da ita daga sanyi zuwa ɗaki mai ɗumi, muna barinta a cikin jakarta na awa ɗaya ko biyu domin kada raɓa ta taru a jikinta. Bayan na yi sallah nake rubuta wa mai gona adadin da muka cire, da inda muka bar su, da ramin da muka ga sun haƙa a ƙarƙashin shingensa idan akwai, domin ya tura a toshe kafin dare ya sake yi.